Gidan Dara a Bakin Jamilu

Da wuya in fito daga masallacin Juma'a a Sentul ban haɗu da ɗalibin da zai tare ni ba. Maganar kusan iri ɗaya ce: "Yaya Mustapha, a sa mu a hanya mana. Ba amsa waya ba ce kawai? Kuma da Hausa." Ba na musu da su, domin ni ma haka na ɗauka a da. Sai in zaro wayata, in nuna musu wannan alama, \, in ce ga wani dattijo a kasuwar Dawanau, hayaniya ta cika masa kunne, ba ya ganinka ba ka ganinsa, sa shi ya danna ta. Yawancinsu sukan faɗi sunanta na Turanci su yi murmushi. In na ce dattijon ya ce bai gane ba, a nan murmushin yake ƙarewa.

Kamfanin da nake wa aiki yana sayar da na'urorin POS a ƙasashe da dama, har da Najeriya, amma ofishin amsa ƙorafinsa yana nan Kuala Lumpur, a wani dogon bene a Bukit Bintang. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni ƙasar, a fannin ilimin laburare. Da na gama, tallafin gwamnati ya ƙare, sai wannan kamfani ya ɗauke ni ya yi mini bizar aiki. Izinin zamana, da na matata Hauwa'u, da na 'yarmu Hanan, duk a jikin kujerar nan suke rataye. Ina so a riƙe wannan, domin in ba a riƙe shi ba, abin da zai biyo baya zai yi kama da ƙorafin banza.

Yawancin kiran da muke samu na kalmar sirri ne. Na'urar ba ta yarda da kalmar sirri sai da alama a ciki, kuma in ta kulle, mu ne za mu karanta wa mai ita sabuwa ta wucin gadi, harafi bayan harafi. In ya yi kuskure sau uku, sai ta rufe har gobe, ranar kasuwarsa ta tafi kenan. Kayan aikinmu ba su da yawa: hedfon, kwamfuta, da wata tsohuwar na'urar POS irin ta kwastoma, wadda ke zaune a gefen hannun dama. Ita ce ta fi komai muhimmanci. Kana magana, yatsanka yana bin inda kake zaton nasa yatsan yake. Tawa maɓallinta na sauya shafi ya goge, har ba a ganin rubutun kansa.

Wadda ta koya mini aikin Anti Rabi ce, 'yar Katsina, tana digirin digirgir a lokacin, kuma ita ta buɗe teburin Hausa. A makonnin farko ba ta bar ni na yi magana ba, sai dai in sa hedfon in saurara. Kiran da ya fi zauna mini shi ne na wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Kalmarta tana ɗauke da layin nan na ƙasa, _, wanda ake yawan rikitawa da karan ɗori. Ni a raina na riga na shirya sunan da na karanta a littafi. Anti Rabi kuwa sai ta ce, "Hajiya, ki duba jere na biyu. Me kike gani a farkonsa?"

"Wani ɗan layi ne a tsakiya."

"Na kusa da shi fa?"

"Shi ma layi ne, amma ya kwanta a ƙasa kamar kalmasar zane."

"To, kalmasar za ki danna, Hajiya."

Da aka kashe waya ta cire hedfon ta dube ni. "Mustapha, kada ka riga mutum baki. Bari shi ya raɗa wa alamar suna, kai kuma ka kira ta da shi. Mai ɗa ne ke sa suna, ba mai zuwa barka ba."

A kan wannan na tashi. Akwai alamun da makaranta ta riga ta ba mu sunayensu: aya, waƙafi, ruwa biyu, alamar tambaya, baka. Amma ko su ba kowa ya san su da waɗannan sunaye ba, kuma aya a adireshin imel ɗigo ce, in ka ce aya wani sai ya ɗauka ka gama magana. Sauran kuwa, a iya sanina, ba su da suna guda da Hausawa suka tsaya a kai. Alamar * ba ta ba da wahala, tauraro ce, masu duba kuɗin waya sun saba da ita. Alamar & wani tela a Zariya ya ce mini mutum ne ya harɗe ƙafa. Alamar % wani ya ce tabarau, wani ya ce kashi cikin ɗari. Sandunan nan biyu, / da \, Anti Rabi takan ce ɗaya ta rusuna gaba, ɗaya ta kishingiɗa baya. Ko a nan ofis, ranar da shugabar sashenmu, Puan Salmah, ta karanta mini adireshinta na imel, da ta zo kan @ sai ta ce "aliyas", domin haka mutanen Malesiya da yawa suke kiranta. Ban taɓa jin haka ba sai a bakinta. Tun daga ranar na ƙara yarda cewa wanda ya ce alama sunanta ɗaya, wataƙila bai yi yawo ba.

Kiran Alhaji Ɗanjuma na farko ya zo ne ana dab da la'asar a nan, safiya kenan a gida. Dillalin hatsi ne a Dawanau, ba ya son a ɓata masa lokaci, kuma ba ya son a nuna masa bai sani ba. Mun wuce @ lafiya, shi da kansa ya ce "a mai rawani". Da muka zo kan # sai muka tsaya cak. Na faɗi sunan Turanci, ya ce shi ba Bature ba ne. Na ce tsani, ya ce babu tsani a nan. Na tambaye shi me yake gani, ya ce, "Yaro, in na san abin da nake gani zan kira ka?" Saura masa gwaji ɗaya, ga masu buhuna suna jira, ina jin muryoyinsu. Sai na tuna kakana a Gezawa, yadda yake share ƙasa da tafin hannu a gindin darbejiya ya zana layuka.

Na ce, "Alhaji, kana dara?"

"Kafin a haifi ubanka."

"To, ka nemi gidan dara a jere na uku."

Sai na ji ƙarar na'urar ta buɗe. Ya ce, "Ai da ka faɗa tun ɗazu."

Ba na cewa ni na fara kiran # gidan dara a duniya. Mai yiwuwa wani ya riga ni a wani wuri, ba ni da hanyar sani. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, a ofishin nan ba wanda ya taɓa faɗa kafin wannan rana.

Bayan Anti Rabi ta gama karatu ta koma gida, aka ɗauko Jamilu, aka ajiye shi kusa da ni in koya masa. Ɗan Kano ne, yana wata kwaleji mai zaman kanta, mahaifinsa babban dillalin motoci. Yana zaune a wani gida mai wurin ninkaya a unguwar Titiwangsa, kuma ya gaya mini a ranar farko cewa aikin ya karɓa ne don zaman gida ya ishe shi. Ba na so in ɗauki alhakinsa: yaro ne mai fara'a, mai kyauta, bai taɓa fita cin abinci ya dawo bai yi mini tapau ba, wato ƙunshin abinci. Kuma Allah ya ba shi murya. Irin muryar nan ce mai kauri da sanyi, wadda in ta ce maka hagu dama ce sai ka duba hannunka.

Na ba shi duk abin da nake da shi, kalmasa da rawani da tabarau da gidan dara. Na kuma ba shi ƙa'idar Anti Rabi. Ya karɓi sunayen, ya bar mini ƙa'idar. Shi ba ya tambayar kowa me yake gani. "Alhaji, a mai rawani. Yauwa. Gidan dara. Yauwa. Bakwai. An buɗe ko? A yi ciniki lafiya." Kafin in gama gaisuwa da nawa kwastoman, shi ya sallami biyu. A bangon ofis akwai allon da ke nuna saurin kowa, sunansa kullum a sama da launin kore, nawa a ƙasa, wani lokaci ruwan ɗorawa, wani lokaci ja.

Wata rana ya cire hedfon ya saurare ni ina cewa, "Hajiya, akwai wata alama da wasu ke kira tsani, wasu kuma gidan dara, wataƙila ke za ki gan ta kamar raga." Ya jira na gama, sannan ya ce, "Malam Wataƙila, wannan kira ne ko wa'azi?" Sunan ya bi ni. Har 'yan teburin Suwahili, da ba su san ma'anarsa ba, da shi suke kirana.

Na ce masa, "Matar nan ba ta taɓa ganin dara ba. Mata nawa ka sani suna dara?"

"Yaya, in ka faɗa da ƙarfin zuciya za ta gane."

"In ba ta gane ba fa?"

"Sai ta sake kira, ta same ka." Ya yi dariya ya mayar da hedfon.

Gaskiya ya faɗa, ko da yake da wasa. Waɗanda suka kulle na'urarsu a hannunsa washegari sukan faɗo a kaina, su ƙara ja mini lokaci a allo. Ban taɓa kai wannan magana gaba ba, domin ba ni da tabbacin yawansu, kuma ina tsoron a ce baƙin ciki nake yi. Amma akasarin mutane, dole in faɗa, suna ganewa. Har aka fara samun masu kira suna cewa, "A ba ni yaron nan mai murya." Ni a duk shekarun da na yi ba wanda ya taɓa nema na da wata siffa.

Sai shekarar wahala ta zo. Naira ta faɗi, wasu kamfanoni suka shigo da na'urori masu araha, masu namu suka riƙa ajiyewa. Aka rufe teburin Yarbanci gaba ɗaya. Puan Salmah ta tara mu ta ce za a sa murya ta na'ura ta riƙa karanta wa kwastoma kalmar sirri da Hausa, kuma teburin Hausa zai koma kujera ɗaya. Sauran abokan aikinmu ɗalibai ne masu shirin komawa gida, saboda haka magana ta tsaya tsakanina da Jamilu. Ta ce za a gwada muryar kowannenmu. Ba ta ce wanda aka zaɓi muryarsa shi zai zauna ba, amma ba wanda ya fita daga ɗakin da wata fahimta daban.

Na yi mako ina shiri. A cikin jirgin ƙasa daga Sentul nake maimaita alamun a zuci, har wata tsohuwa ta taɓa matsawa daga kusa da ni. Ranar gwajin, bayan azahar, aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai soso a bango. Mai ɗaukar sautin yana bayan gilashi, yana nuna mini alama a sikirin, ni kuma in faɗi sunanta. Haruffa da lambobi suka wuce lafiya. Tauraro ta wuce. Da # ta fito sai na ji bakina yana cewa, "Gidan dara, ko kuma tsani, wasu kuma..."

Ya ɗaga hannu. "Suna ɗaya, lah. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya. Aka sake. Na buɗe baki, sai ga wani mahaucin Sabon Gari a raina, wanda ya taɓa ce mini ragar gasa nama ce, ga Hajiyar da ba ta san dara ba, ga wani yaro a Maiduguri da bai san ta da komai ba sai sunan Turanci. Na faɗi gidan dara, amma da aka sake kunna mini sai na ji kamar mai tambaya. Haka aka yi a kan layin ƙasa, haka a kan sandunan biyu. Mutumin ya yi haƙuri da ni sosai. A ƙarshe ya ce ya isa, ya gode.

Jamilu ya shiga yana tauna soyayyar ayaba, ya goge hannu a wando. Ina tsaye a waje ina ji ta lasifika. A mai rawani. Kalmasa. Mai harɗe. Gidan dara. Kowane suna ya fito kamar da shi aka haife shi, kamar kakansa ne ke zama a gindin darbejiyar. Puan Salmah ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma na ga tana gyaɗa kai.

Da muka tashi ya ja ni shagon mamak, wato na Indiyawa masu shayi, da ke ƙasan bene, ya sayo mana shayi. Na daɗe ina juya kofin kafin na ce, "Jamilu, ka san inda gidan dara ya fito?"

"Daga bakinka mana, Yaya. Na taɓa musu?"

"Ba ka faɗa musu ba."

"Sun tambaya? Su fa ba su san dara ba, ba su san Gezawa ba." Ya kurɓi shayi. "Kai matsalarka, Malam Wataƙila, ka san mutane da yawa. Ni mutum ɗaya nake wa magana."

"Wane ne shi?"

"Oho. Duk wanda ya ɗauka."

A gida ban ɓoye wa Hauwa'u komai ba. Ta ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri, Abban Hanan." Amma washegari na ji ta a bakin ƙofa tana tambayar maƙwabciyarmu ko tana son firjinmu. Hanan kuwa, wadda a nan aka haife ta, in ka yi mata Hausa da Malayanci take amsawa, sai ta tambaye ni ko a Kano akwai jirgin ƙasa mai bi ta sama irin na Bukit Bintang. Na ce mata wataƙila nan gaba.

Muryar Jamilu aka zaɓa, kamar yadda kowa ya sani. Ya yi kwanaki yana shiga ɗakin soso. Bayan an kunna na'urar ta fara aiki, Puan Salmah ta kira ni ofishinta. Na shiga da katin shaidata a hannu, don kada a sha wahalar tambayata. Ta dubi katin, ta ce in mayar wuya. Ta ce kiran da Jamilu ya iya, yanzu na'ura ta iya shi, da muryarsa ma. Abin da ya rage shi ne mutanen da na'ura ta karanta musu ba su gane ba, kuma sun duba sun ga irin waɗannan dama a wajena suke ƙarewa. Za a sabunta kwantiragina da bizata. Na Jamilu ba za a sabunta ba.

Na fito ina neman yadda zan dube shi. Na same shi yana kwashe kayan teburinsa cikin leda, yana waƙa. An riga an gaya masa.

"Yaya, ka huta. Dama Baba ya dame ni in dawo in riƙe masa gareji. Kai ke da iyali." Ya miƙo mini hedfon ɗinsa, wanda ya saya da kuɗinsa, mai laushin kunne. "Riƙe wannan. Kuma ai ban tafi ba, kullum za ka ji ni."

Ban san ko ya san nauyin abin da ya faɗa ba. Ina zaton bai sani ba.

Yanzu ni kaɗai ne a teburin Hausa, firjinmu yana nan, Hanan tana makarantarta. Na gode wa Allah, kuma ba da baki kawai ba. Amma ga yadda aikin yake, ku masu son in sa ku a hanya. Duk wanda ya kira, Jamilu ne ke yi masa sallama. Shi ke karanta masa kalmar sirri. In mutum ya gane, shi ke nan, ba zan taɓa sanin ya kira ba. In bai gane ba, sai muryar ta ce, "Ka ɗan jira, zan haɗa ka da ɗan'uwana." Ina jin wannan jimla a kunnena kafin kowane kira. Abin da ke isowa gare ni shi ne mai fushi, da mai raunin ido, da wadda saura mata gwaji ɗaya. Babu kira mai sauƙi ko ɗaya da za ka huta a kansa. Dole ka fara daga inda Anti Rabi ta fara: me kike gani, Hajiya?

Da na je gida hutu, na tsaya cire kuɗi a wajen wani mai POS a Ƙofar Ruwa, na ji yana gaya wa maƙwabcinsa, "Danna gidan dara." Na tambaye shi a ina ya samo wannan suna. Ya ce, "Mutumin cikin waya ne ke faɗa. Ai gwani ne." Na karɓi kuɗina na ce haka ne.

Alhaji Ɗanjuma ya kira kwanan baya. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma an sauya masa na'ura, alamun sun koma wani shafi. Muryar ta karanta masa ya kasa, saura gwaji ɗaya, kamar ranar farko. Na ɗauki tsohuwar na'urata na ajiye, na jawo sabuwa irin tasa, muka bi jere bayan jere. Ya yi faɗa, ya ce a da ba haka ake yi ba. Na ce ya yi haƙuri, ya matsa inda haske yake. Muka sami rawani. Muka sami gidan dara, can a ƙarshen shafi na biyu. Na ji ƙarar buɗewa, na ji masu buhuna sun ɗauki hayaniya.

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka, yaro. Sabo ne kai ko?"

Na ce, "Na ɗan jima, Alhaji."

"To, ka dage. Kana da haƙuri, sai dai nawa. Ka riƙa sauraren maigidanka, wancan da ya haɗa mu. Shi ya san sunan komai. Ka ce Ɗanjuma na Dawanau yana gaishe shi."

Na gyara hedfon ɗin Jamilu a kunnena. Fitilar kira na gaba ta riga ta kunna.

Na ce, "Zai ji, Alhaji."